Siminti Kafin Ƙanƙara

Litinin, 21 ga Agusta, da safe

Jiya na dawo a ƙaramin jirgin wasiƙu, ni da buhunan albasar kanti da wani kare a keji. Mijina Gust yana can asibiti a birnin Anchorage, 'yarmu Tanya tana tare da shi. Shi ya ce in dawo. Na ce ba inda za ni. Ya ce, "Anecia, tun da na aure ki nake bin umarninki. Yau ɗaya ki bi nawa. Je ki gama mini filin nan." Yana dariya ya faɗa, amma bai dube ni ba, bututun da aka soka masa a hannu yake kallo.

Abin da likita ya ce ba zan rubuta shi a nan ba.

Da na ajiye jaka na taka zuwa bayan zauren taro. Filin fikilbol ɗin da Gust yake magana har yanzu rami ne da turaku da igiya, ruwan sama ya kwanta a ciki. Shi ya kawo mana wasan, mai kama da tanis, shekarar da ya je kudu wurin ƙaninsa ya dawo da raga da allunan bugu da ƙwallon roba mai huji-huji. Tun daga nan tsofaffin garin nan suka haukace a kai. Duk hunturu muna roƙon ɗakin wasan makaranta, yara kuwa ba sa bar mana sai sun gaji. Shi ne Gust ya ce sai mun yi namu. Shekara uku muna sayar da ƙyafaffen kifi da burodi, kowa ya sa abin da ya samu. Yanzu ga rami, ga ni.

Laraba, 23 ga Agusta, da rana

Dell, ɗan kwangilar da Gust ya ɗauko daga birni, ya iso. Ƙato ne mai jan gemu, yana magana yana tauna cingam. Ya tsaya bakin ramin ya daɗe yana kallo.

"Madam, mijinki ya gaya miki gaskiyar lissafin nan kuwa?"

"Mijina bai taɓa gaya mini gaskiyar lissafin komai ba. Faɗi."

Ya fara yi mini bayanin ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙasa, kamar ba a kanta aka haife ni ba. In aka zuba siminti kai tsaye, da rani ƙasa ta narke ta zauna, da hunturu ta kumbura, kafin shekara biyu filin ya karairaye kamar biskit. Sai an cika tsakuwa har ƙugu, a shimfiɗa allunan soso masu tauri don kada zafi ya ratsa ya narkar da ƙanƙarar, a jera rodi, sannan siminti. Ya ce a kudu, da kuɗin da muka tara, ana yin fili biyu har da fitilu. A nan kuwa kuɗin ɗauko buhun siminti ya fi kuɗin buhun.

Na ce, "To zai isa ko ba zai isa ba?"

Ya ce, "In jirgin ruwa ya zo da wuri, in sanyi ya yi haƙuri, in ba abin da ya lalace."

Na ce a garin nan ba a taɓa samun ukun nan a shekara ɗaya ba.

Alhamis, 24 ga Agusta, da yamma

Gust ya kira. Bai tambayi lafiyata ba, zurfin ramin ya tambaya. Muryarsa lafiya lau.

Asabar, 26 ga Agusta, da hantsi

Wassillie, abokin kamun kifin Gust tun suna samari, ya fara kwaso tsakuwa daga tsohon ramin da ke bayan filin jirgi. Motarsa tana tafiya tana tari. Ya ce ba zai karɓi komai ba sai kuɗin mai. Man kuwa shi ne abin. Na je kanti na ga farashin, na tsaya ina dariya ni kaɗai har mai kanti ta leƙo.

Jirgin ruwan kaya bai zo ba. An ce yana can bakin teku yana jiran iska ta kwanta.

Talata, 29 ga Agusta, da rana

Yaya Okalena ta zo. Yayar Gust ce, ita ta goya shi, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba. Ba ta cire rigar sanyi ba, ba ta zauna ba.

"Na ji an ce kina can kina auna tsakuwa."

"Shi ya aiko ni, Yaya."

"Shi ya aiko ki. In ya ce ki faɗa kogi sai ki faɗa? Yana yaro ma in ya ji ciwo ƙarƙashin gado yake shiga don kada a gan shi. Ni nake jawo shi da ƙafa. Ke kuwa ya ce tafi, kika ɗauki jaka."

"Tanya tana can."

"Tanya 'ya ce. Ke ce mata."

Na zuba mata shayi, ta bar shi ya huce. Da za ta fita ta ajiye leda a kan tebur, ƙyafaffen kifi ne irin wanda yake so, mai maiƙo. Ta ce in aika masa a jirgin gobe. Ban gaya mata ba ya iya cin irinsa yanzu ba. Na aika.

Juma'a, 1 ga Satumba, da safe

Jirgi bai zo ba.

Lahadi, 3 ga Satumba, bayan coci

Fada ya ambaci sunan Gust cikin waɗanda ake yi wa addu'a. Kowa ya waiwayo. Ni na kalli kyandir.

A bakin ƙofa mata suka kewaye ni. "Ya jikin nasa?" "Da sauƙi." "Yaushe zai dawo?" "Ana dubawa." Na faɗi wannan har bakina ya saba, yana fita da kansa.

Ciyawar tudu ta fara ja. Mutane suna ta tsinkar 'ya'yan itace. Bokitina yana rataye tun Yuli.

Talata, 5 ga Satumba, da yamma

Jirgi bai zo ba. Dell yana kwana a ɗakin baƙi na makaranta, kuma kuɗin kowane kwana nasa a kanmu yake. Ya gama daddaɓe tsakuwa, ba shi da sauran aiki sai kamun kifi a gaɓa. Ba ya kama komai. Tsofaffi suna zama a kan itace suna kallonsa kamar talabijin.

Tanya ce ta kira yau, ba Gust ba. Ta ce yana barci. Na ji talabijin a bayanta, na ji kuma ya yi tari.

Juma'a, 8 ga Satumba, da rana

Jirgin kaya ya zo. Duk gari ya sauka gaɓa. An sauke mai, an sauke kayan kanti, an sauke wata sabuwar mota, sannan namu. Siminti ya cika, rodi ya cika, injin kwaɓa yana nan. Allunan soso rabi suka zo.

Dell ya cire hula ya mayar. Ya yi waya a tsaye cikin ruwan sama, ina jin yana ɗaga murya. Sauran an manta su a tashar can. Jirgi na gaba sai bazara. Sai dai a kawo ta sama, kuma ba su da nauyi amma suna cin wuri, jirgi biyu za su cika.

Na tambayi nawa. Ya faɗa. Na ce ya sake faɗa.

Asabar, 9 ga Satumba, da safe

Na gaya wa Gust. Na so in ɓoye, amma ya san ni.

Ina jin numfashinsa a waya. Sannan ya ce, "Sayar da kwalekwalen."

"Wane kwalekwale?"

"Nawa muke da su?"

"Gust, da me za ka fita kamun kifi a Yuni?"

"Anecia."

Sunana kawai ya faɗa. Na ce wayar tana yankewa, ba na jin sa. Ba ta yanke ba.

Na fita na je inda yake kife a kan katako. Bara ya sake masa fenti. Igiyarsa tana naɗe yadda yake naɗe ta, ta hagu, yadda nake yi masa tsiya a kai. Na zauna a gefe har ƙafafuna suka yi sanyi.

Talata, 12 ga Satumba, da yamma

Wassillie ya saya. Da farko ya ƙi.

"Ni in sayi jirgin Gust? Me zan ce masa in ya dawo?"

"Ka ce masa ka yi masa tayin wulaƙanci, ya ji daɗin zagin ka."

Bai yi dariya ba. Ya ce yana da nasa, ba ya buƙatar biyu. Na ce jikansa fa? Ya dubi ƙasa. Ya kawo kuɗin a cikin gwangwanin kofi, ya ce jirgin zai zauna a inda yake, ba zai taɓa shi ba, ajiya ce.

Na ce, "Ka ɗauke shi, Wassillie. Kullum ina ganin sa ta tagar kicin."

Ya ɗauke da yamma. Yanzu ta tagar kicin ina ganin katako biyu da ciyawar da ta mutu a ƙarƙashi.

Alhamis, 14 ga Satumba

Na gaji.

Asabar, 16 ga Satumba, da rana

Soso ya iso. An shimfiɗa, an ɗaure rodi. Da safe akwai farar raɓa daskararriya a kan motoci, ka sa yatsa ka yi rubutu. Dell ya ce Litinin za a zuba, ko ta halin ƙaƙa, don bayan Litinin ba ya yarda da sama. Yana buƙatar mutane da yawa, injin ƙarami ne, kuma in an fara ba a tsayawa. Rabin mazan gari suna daji wurin farauta.

Na bi gida-gida. Wasu sun ce za su zo. Wata ta ce mini, ba da mugunta ba, "Anecia, wasan tsofaffi ne fa. Wata uku a shekara za a buga, sauran duk yana ƙarƙashin ƙanƙara. Kuɗin nan da an gyara rufin zaure." Gaskiya ta faɗa. Na ce mata gaskiya ne, ta zo da shebur.

Lahadi, 17 ga Satumba, da yamma

Tanya ta ce, "Mama, sun daina maganin nan mai ƙarfi."

Na ce, "To, ai zai samu ya ci abinci."

Ta ce, "Mama."

Dukansu, ita da ubanta, sun koyi wannan abin.

Litinin, 18 ga Satumba, bayan magariba

An zuba.

Ba zan iya ɗaga hannuna ba, da ƙyar nake riƙe biro. Mata ne suka fi yawa. Tsofaffin da ke wasa da Gust duk sun zo, har da Moxie mai gwiwar ƙarfe, wanda ya zauna a kujera yana yanka bakin buhuna da wuƙar fiɗar kifi yana ba kowa umarni. Malaman makaranta sun zo bayan an tashi. Injin ya mutu sau biyu, Wassillie ya tashe shi da zagi. Muna tura baro a kan katako, Dell yana cikin siminti har ƙauri yana jan dogon ƙarfe, yana cewa a ƙaro, a ƙaro.

Da tsakar rana na ɗaga kai na ga Yaya Okalena ta kafa tukunya a bakin zaure. Miyar kifi da shinkafa. Ta miƙo mini kwano, ta ce wa Dell, "Kai mai gemu, in abin nan ya fashe ka san ba mu da hanyar mota, ba inda za ka gudu."

Dell ya ce, "Na sani, Kaka. Shi ya sa nake yi da kyau."

"Ban haifi ubanka ba, kada ka ce mini kaka."

Da aka gama ya yi sumul, toka-toka, yana ɗaukar hasken sama. Na ɗauki hoto na aika wa Gust. Ba a buɗe ba tukuna.

Laraba, 20 ga Satumba, da asuba

Sanyi ya sauko jiya da yamma, tun kafin lokacin da rediyo ta ce. Dell ya buga mini ƙofa fuskarsa ba daɗi. Ɗanyen siminti in ruwan cikinsa ya daskare, shi ke nan, sama za ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon burodi. Bargunan aikin da ya zo da su ba su rufe ko rabi ba.

Na shiga rediyon gari, wadda ake sanar da zuwan jirgi da ɓatan kare, na ce duk mai bargon da ba ya rufa da shi ya kawo bayan zaure.

Kafin duhu filin ya koma kamar gadon wata ƙatuwar tsohuwa. Barguna, tamfol, buhunan barci na farauta, labule, tsohuwar fatar dabba da ban san daga ɗakin wa ta fito ba. Wassillie ya kawo hita biyu na dizal. Na kwaso duk na gidanmu, har na kan gadonmu, wanda uwar Gust ta ɗinka. Na kwana da rigar sanyi. Dama ba barcin nake ba.

Asabar, 23 ga Satumba, da rana

An yaye barguna. Ya tsira, sai kusurwa ɗaya ta arewa inda iska ta ɗage tamfol, ta yi ɓarɓashi kamar faɗin tire. Dell ya durƙusa yana shafa wurin, ya ce laifinsa ne. Na ce a wajen layi take, ba mai takawa.

Layin ma babu. Fenti ba ya kamawa a wannan sanyin, sai bazara. Ya kafa turakun raga biyu, ya haɗa kayansa. A filin jirgi ya ba ni hannu, ya ce in gaishe da maigida.

Mutane suna zuwa suna neman bargunansu. An yi faɗa a kan wani ja.

Laraba, 27 ga Satumba, da safe

Za su sallamo shi. Tanya ta ce shi ya nema, su kuma ba su hana ba. Za a haɗo shi da magunguna, ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta gari za ta riƙa leƙowa.

Na wanke gida. Na sauko da gado falo kusa da murhu. Na sake wanke gida.

Asabar, 30 ga Satumba, da yamma

Ya iso. Matuƙin jirgi da Wassillie ne suka sauko da shi. Rigar sanyinsa ta yi masa yawa. Yaya Okalena ta taɓa fuskarsa da hannu biyu ta ce, "Ba su ba ka abinci a can?" Sannan ta juya ta tafi bayan mota ta daɗe.

Na ce gida. Ya ce fili.

Wassillie ya tsayar da mota daf da bakin simintin. Gust bai sauka ba, ya sa aka zuge gilashi. Ya kalla daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali, yadda yake kallon kogi kafin ya jefa raga.

"Ya karkata?"

"Kaɗan, ta gabas, don ruwa ya gangara. Haka ka ce."

"Waccan kusurwar fa?"

"Sanyi ya ci."

"Na bar ki wata ɗaya kin lalata mini kusurwa."

"Sauko ka gyara."

Ya yi dariya har ta zama tari. Da ya lafa ya kamo hannuna ta taga, ya juya tafin, ya ga inda baro ya sale. Ya shafa wurin da yatsa. Bai saki ba kuma, sai da Wassillie ya ce mai yana ƙonewa.

Litinin, 2 ga Oktoba, da rana

Ya sha romo cokali kaɗan. Ya tambayi ko Wassillie ya kife kwalekwalen da kyau.

Alhamis, 5 ga Oktoba, da yamma

Su Moxie sun ɗaura raga, sun ja layi da allin makaranta, sun buga da safar hannu da takalman roba. Ƙwallon ta yi tauri don sanyi, biyu sun fashe. Gidanmu ba nisa, in an buɗe taga ana jin ƙarar, ƙwas, ƙwas. Gust ya ce a buɗe. Na ce sanyi. Ya ce a buɗe.

Idonsa a rufe yake saurare. Can ya ce, "Wannan Moxie ne. Kullum raga yake bugawa."

Na leƙa. Moxie ne.

Na ƙara itace a murhu na bar tagar.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da safe

Fada ya zo gida. Yaya Okalena ta kwana a kujera. Ta daina yi mini faɗa, kuma na fi son lokacin da take yi.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Alhamis, 19 ga Oktoba, da rana

Mutane sun watse. Ƙaninsa ya koma kudu jiya. Tanya za ta zauna har ƙarshen wata.

Gida cike da tukwanen mutane, ban san wacce ta wa ba. An mayar da gado ɗaki.

Ƙasa ta riga ta fara tauri, sai da suka kunna wuta a wurin kafin su iya haƙa kabarin Gust. Wassillie bai bar kowa ya karɓi shebur daga hannunsa ba.

Talata, 24 ga Oktoba, da yamma

Na fita yau, karon farko. Ƙafa ta kai ni bayan zaure ba da niyya ba. An yi ruwa a kan ƙanƙara, ya daskare, filin ya zama madubi. Yaran gari sun gano shi. Suna gudu daga nesa su zame a kai da takalmi, wasu a kan kwali, suna karo da turakun raga.

Moxie yana tsaye da sandarsa yana huci. "Dubi abin da muka sha wahala a kai. In kore su?"

Na ce, "In ka kama ɗaya, ka kore shi."

Muka tsaya muna kallo har hancina ya daina ji.

Juma'a, 27 ga Oktoba, da safe

Dell ya kira daga birni. Ya yi gaisuwa, ya yi ta da kyau, a taƙaice. Sannan ya ce yana haɗa odar kayan da za su biyo jirgin farko na bazara, gara a sa fentin tun yanzu kada a sake mantawa da mu. Akwai kore, akwai shuɗi, akwai wani ja-ja kamar bulo. Wanne muke so?

Na ce, "Dakata in tambayi Gust."

Har na juya wajen falo.

Dell ya ji ni. Bai kashe ba kuma. Ina jin motoci suna wucewa a bayansa, can a birni. Tanya tana tsaye a bakin kicin da kofi a hannu, tana kallona.

Na ce, "Shuɗi."

Ya ce, "Shuɗi. Na rubuta."

Ban san wanda zai zaɓa ba. Duk surutun da ya yi a kan filin nan shekara uku, zurfin tsakuwa, kaurin rodi, inda rana za ta faɗo, bai taɓa faɗin launi ba, ni kuma ban tambaya ba.

Tanya ta ce shuɗi ya yi. Na ce ta sa takalmi, mu fara mayar wa mutane tukwanensu.